Maficin Joshuwa

Ranar da Joshuwa ya sha kunyar da har yau ake ba da labarinta a Sharada, wani Alhaji dillalin kayan roba ne ya zo kamfaninsu ganin zanen sabuwar buta. Ya tarar da maƙwabcin nawa ya kwance murfin kwamfuta, hannun dama na aiki, na hagu na yi wa cikinta fifita da maficin matarsa Lami. Alhaji ya ce a juyo masa butar ya ga bayanta. Joshuwa ya juya, hoto ya tsaya cak, sai ga buta da baki uku a allo.

"Malam, wannan buta ce ko bushiya?" in ji Alhaji. Ya kaɗe babbar rigarsa ya fita.

Kafin magariba labarin ya riga shi isowa unguwarmu Zawaciki. Ni na fara kiransa Mai Mafici, kuma ban tuba ba.

Mutumin Filato ne. Ya shigo Kano da jaka ɗaya, ya yi shekara tara yana goge ƙarfen da ake zuba roba a ciki. Daga baya ya sayo tsohuwar kwamfuta a Titin Beirut, ya koya wa kansa zane, har kamfani ya ba shi kujera. Shi ya nuna min wani ɗan falle a cikinta, faɗin tafin hannu, wai katin hoto. Ya ce duk abin da ido ke gani a allo, wannan ne ke zana shi. Nasa an yi shi ne don rubuta wasiƙa da wasan yara. In ka ɗora masa buta sai ya ɗau zafi, ya dinga juya ta kamar tsoho zai tashi daga tabarma.

Wata biyu bayan zuwan Alhaji, a 2007, kamfani ya sayo injin zane na gaske. Katinsa kaɗai ya fi babur ɗin Joshuwa tsada, ga nauyi kamar bulo, ga fankarsa a jikinsa. Buta na juyawa sumul, har inuwarta kana gani. Sai dai injin ya zo da injiniya mai digiri, Abdulbaƙi, kujerar kuma ɗaya ce. Manaja ya ce kowa ya zana buta a kan abin da ya saba da shi. Wanda tasa ta fi, shi zai zauna. Lami ta fara tambayar kuɗin mota zuwa Jos.

Na ce masa, "Maƙwabci, jaki da jirgin sama za a yi tsere?"

Ya ce, "Garba, je ka ci tuwonka."

Abdulbaƙi ya gama a kwana biyu. Joshuwa ya yi tara, har mafici ya fara zarewa. Da aka fitar da samfuri, ta injiniya ta fi kyau, wannan ko Lami ta yarda. Amma manaja ya sa aka ajiye su a bakin famfo lokacin azahar, ya ce ma'aikata su yi alwala.

Nan aka gane. Joshuwa Kirista ne, bai taɓa alwala ba, amma shekara goma sha biyar yana cin abincin rana a gefen masallacin kamfani yana kallo. Ya san yadda mutum ke tsugunawa ya karkato buta da hannu ɗaya, da inda babban yatsa ke sauka. Ta injiniya, kana karkata ta sai ruwa ya kwararo gaba ɗaya ya jiƙa wando. Idrisu mai gadi ya tashi sharkaf yana salati. Ta Joshuwa kuwa siririn ruwa take bayarwa, rabinta ya kai mutum har ƙafa. Kafin a tayar da salla, layi ake yi a kanta.

Abdulbaƙi, ɗan halak, shi da kansa ya nuna wa Joshuwa makunnin sabon injin, shi kuma aka mayar da shi sashen gyaran injuna. Butar da ke ƙofar gidana yanzu, ta maƙwabcina ce, duk baƙon da ya zo sai na gaya masa.

Kwanaki na leƙa ofishinsa, na ga maficin nan rataye a ƙusa bisa sabon injin. Na ce, "Mai Mafici, har yanzu? Ko shi ma wannan zazzaɓi yake yi?"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Wannan da fankarsa ya zo, Garba. Maficin kuwa, bakinka na ajiye wa, shi ne tun da na san ka bai taɓa hucewa ba."