Ɗorawa Ukun Da Na Sa Aka Sare

A shekarun da wannan abu ya faru ni malamar firamare ce a Dutsin-Ma, 'yar asalin Kurfi, aure ne ya kawo ni. 'Ya'yana huɗu, maigidana ƙaramin ma'aikaci ne, muna cikin rufin asirinmu daidai gwargwado. Aibina ɗaya da kowa ya sani shi ne gaggawa. Idan na ɗora tukunya sai na buɗe ta sau biyar kafin ta tafasa, har mahaifiyata kan tsokane ni wai da ana sayar da gobe a kasuwa da ni zan fara taya ta. Muna dariya a lokacin. Wannan halin ne ya sa na ɗauki haƙƙin wata baiwar Allah, kuma shi ya sa na rubuto muku, don abin ya hana ni sukuni har yau.

Tun da jami'a ta zauna a Dutsin-Ma, filaye suka yi daraja. A ɗakin malamai ba a hirar komai sai ta fili: wance ta sayi na bayan gari ta sayar ta ci riba, wane ya gina ɗakunan haya ɗalibai sun cika. Ina ji ina kasa zaune ina kasa tsaye, gani nake kowa ya wuce ya bar ni. Na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na gwal, na haɗa da adashin da na ɗauka. Maigidana ya ce in fara da ɗan fili guda, in ga yadda harkar take tukuna. Ina! Ni gona sukutum nake so, in yanka ta filaye in sayar, yadda na ji manya na yi. Ban san komai a harkar ba, amma ji nake na fi kowa wayo.

Aka haɗa ni da wani dillali mai zaƙin baki, wanda tun ranar farko yake kira na Hajiya alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ya kai ni wata gona a hanyar Dabawa, inda gari ya fara cin daji. Mai gonar dattijo ne, ya gaji da ɓarnar awaki da masu ratsa masa shuka, yana so ya sayar ya sayi wata can ciki. A tsakiyar gonar akwai ɗorawa uku, manya, irin waɗanda mutum biyu ba za su rungume gindin ɗaya ba. Farkon bazara ne, sun yi 'ya'ya jingim amma ba su nuna ba. Na tsaya a inuwarsu muna magana, ko ɗaga kai ban yi na dube su da kyau ba. Layin ɗakuna kawai nake hangowa a raina.

Ranar ciniki muka taru a zauren mai unguwa da shaidu. An rubuta takarda, saura sa hannu, sai mai unguwa ya dakatar da ni. Ya ce Malama, yana so in san abin da nake saye: ƙasa ce, ban da ɗorawa. Ya bayyana min cewa da mahaifin mai gonar ya rasu, shi ya ɗauki ƙasar, yayarsa kuma ta ɗauki itatuwan, a kan haka suka daidaita tun shekaru masu yawa, kuma kowa a unguwar shaida ne. Ya ce tsohuwar tana Kurfi wajen ɗiyarta da ta haihu, sai an yi arba'in za ta dawo, saura kamar mako uku. In yi haƙuri ta zo mu zauna, ko ta sayar min da su, ko in bar ta ta ci amfanin bana. Sau biyu ya maimaita, yana kallona. Na ce to Baba, na ji.

A nan ne ba ni da wata mafaka. Ba zan ce ban san al'adar ba, don kakata ma tana da tsamiya a gonar wani, kuma ina ƙarama na sha raka ta ɗiba. Ƙari a kan haka, Kurfi garinmu ne. Da na shiga mota da safe na je na same ta na gaishe ta na yi mata maganar, da kafin la'asar na dawo gida. Ban je ba. Ina tsoron kada ta ce a'a.

Da mai awon fili ya zo, ya ce ɗorawar sun zauna daidai inda hanya za ta bi, kuma ba wanda zai sayi fili da saiwa a ƙarƙashin harsashinsa. Dillali kuwa ya sa ni gaba da waya safe da yamma. Wai ga masu saye biyu a hannu, wai idan ruwa ya sauka kasuwar fili sanyi take yi, wai tsohuwa ce, da an damƙa mata ɗan abin goro za ta sa albarka. Kwana huɗu na iya daurewa. A cikin kwanakin nan ko darasi ba na iya kammalawa, ina rubutu a allo hankalina na gona. Na kira ƙanen nata, ya ce shi dai ba ruwansa, ba nasa ba ne balle ya ce wani abu. Na ɗauki wannan a matsayin izini don haka nake so ya zama. Ban gaya wa maigidana ba. Na ba dillali dama, ya kawo masu injin yankan itace ina makaranta, kafin a tashi sun gama. Itatuwan da suka girmi mahaifiyata suka kwanta tsakanin hantsi da azahar, masu gidan burodi suka kwashe itacen. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, da aka kira ni aka ce an gama, daɗi na ji.

Bayan tsohuwar ta dawo da kwana ɗaya muka haɗu. Na kai wani mai saye ya ga fili, sai na hango wata 'yar tsohuwa tsaye a tsakiyar gonar, da ƙwarya a kanta da doguwar gora mai ƙugiya a hannu. Ashe ba wanda ya iya gaya mata, ta fito ne ta duba ko ɗorawarta sun nuna. Na so in juya, amma ta riga ta gan ni. Ita ta fara gaishe ni, ta tambayi maigida da yara da aiki, kamar ba abin da ya faru. Sannan ta tambaya ko ni ce Malamar da ta sayi gonar. Na ce ni ce, Inna. Ta dubi kututturan nan uku, ta dube ni, ta tambaye ni cikin sanyin murya ko ce min aka yi ta mutu. Ta ce ta tambaya ne don a saninta kayan mamaci kaɗai ake taɓawa ba a nemi bakinsa ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ban san lokacin da mai sayen ya sulale ba.

Na zata kotu za mu je, kuma mutane da dama sun zuga ta. Ta ce ita ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba kuwa za ta fara a kan sa'ar ɗiyarta ba. Muka koma zauren mai unguwa, wanda ko kallon inda nake bai yi ba. Dattawa suka yanke abin da zan biya, na ƙara a kai, na kuma ce ta zaɓi fili guda duk wanda ta ga dama. Ta ce fili me zai yi mata, kalwa zai ba ta duk bazara? A zaman nan na san abin da na sare. Da kalwar itatuwan nan take yin daddawar da take sayarwa shekara zagaye, kuma daddawarta sananniya ce a kasuwar Dutsin-Ma, mata har saƙo suke bayarwa a ajiye musu. Tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba ko na sabulu, tana zaune a ɗakinta, tana ci da guminta, har jikoki take yi wa kayan salla. Da ƙyar aka lallashe ta ta karɓi kuɗin.

Ta gwada sayen kalwa a kasuwa ta ci gaba da sana'arta, amma wanda ya saba da tasa ta kyauta, idan ya koma saye ba abin da ke saura sai wahalar wuta da hayaƙi. Shekara biyu ta yi tana fama, ta haƙura. Abin da na ba ta ya tafi a abinci da magani. Daga ƙarshe surukinta ya zo da mota ya kwashe ta da 'yan komatsanta zuwa Kurfi. Ita da ƙanenta kuwa, na ji gaisuwa ma sai a wajen rasuwa. Ni fa? Filayena sun sayu tas, na samu ribar da nake ta rawar jiki a kanta. An gina wurin, ɗalibai na shanya kaya a daidai inda itatuwan suke. Da maigidana ya ji labarin bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi in san yadda zan yi da haƙƙin matar nan tun muna da rai ni da ita.

Duk lokacin da na je gida Kurfi sai na biya na gaishe ta. Nakan tarar da ita a gefen tsakar gidan surukinta, zaune a tabarma, hannu ba aiki, tana jiran a miƙo mata kwano. Ba a wulaƙanta ta, amma matar da ta saba bayarwa ce ta koma jiran a ba ta, kuma ni na mayar da ita haka. Tana karɓata hannu bibbiyu, ta sa a kawo min ruwa, ta kira ni ɗiyata. Sau uku ina durƙusawa ina roƙon ta yafe min. Duk sau ukun sai ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta koma tambayar lafiyar yara. Ni kuma na san ba abin da na roƙa ke nan ba, ita ma ta sani.

Abin da na koya shi ne takardar ciniki ba ta faɗin duk abin da ke cikin gona. 'Yan'uwa masu sha'awar shiga harkar filaye, musamman mata irina da muke shiga da zafinmu, ba na ce kada ku shiga ba, sana'a ce ta halal. Amma kafin ku sa hannu ku tambayi na wa ne itacen, ta wa ce rijiyar, su wa ke bin 'yar hanyar da ta ratsa. Idan dattijon unguwa ya ce ku dakata, ku dakata, ya san abin da dillali ba zai gaya muku ba, don shi dillali la'adarsa yake hange. Idan kuma akwai wanda kuke tsoron tambaya don kada ya ce a'a, to shi ne ya fi cancanta ku tambaya.

Mako uku aka ce in jira, na kasa. Yanzu shekaru nake jiran kalma ɗaya daga bakin tsohuwar nan, ga shi jikinta ya fara rauni. Duk ranar da wayata ta yi ƙara na ga daga Kurfi ne, sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka.