Kurkunun da yayana ya roƙa

Shekarar da Nasara suka matsa da aikin hanyar Damagaram, kurkunu ya fito mini a idon sawu. Wanda bai taɓa yi ba ya gode wa Allah. Ƙafa ta kumbura tana zafi kamar an ɗora garwashi, sannan farar tsutsa ta leƙo. Kullum sai a naɗe ta kaɗan a tsinke, da lallashi, don in ta tsinke a ciki ka shiga uku.

Da gardi, wato dogarin Nasara, ya zo daga Kance ɗibar majiya ƙarfi don aikin hanyar, ya dubi ƙafata ya toshe hanci ya wuce. Yayana, ƙato mai wuya kamar turmi, yana kallo. Ya san in aka dawo shi za a ɗauka.

Da yamma ya zauna bakin tabarmata ya ce, "Kai, ƙane, ɗan sam mini abin nan mana."

Na ce, "Yaya, fura ce?"

A Matameye a lokacin mun yarda taka sawun mai kurkunu ke kawo shi. Sai yaya ya cire takalmi ya riƙa bina duk inda na ɗingisa, har bakin tafki inda nake tsoma ƙafa don in ji sanyi. Nan yake shan ruwansa kamar kowa. Sai da na tsufa na ji cewa a ruwan sha cutar take shiga, kuma tana kusan shekara kafin ta nuna kanta.

Shiru, ƙafarsa sumul. Gardi ya dawo ya tasa shi gaba, ya yi rani yana dakon dutse yana zagin kurkunu da rowa.

Ya dawo gida, ruwa ya sauka, ya yi shuka. Ana shirin noman fari sai baƙon da ya roƙa ya iso, a ƙafafunsa duka biyu. Ya kwanta ciyawa tana cin geronsa, matarsa da ciki. Garin sauri ya fizgi tsutsar ta tsinke, gwiwa ta ruɓe ta sandare. Ni na nome abin da na iya. Na yi masa dariya da farko, amma ranar da na ga ya ja gindi zuwa bakin gona ya zauna yana kallo, na yi kuka.

Da kaka gardi ya sake zuwa. Ya dubi gwiwar yaya ya wuce, ya nuna ni. Yaya ya riƙe rigata ya ce, "A mayar mini da ƙafata in tafi."