Me Ka Ba Ta Ta Sha?

Duk direban da ke jigilar shanu a yammacin Kansas ya san garejin Lorna Unruh, ya kuma san bakinta. Gajeriyar mace ce kakkaura, ta ba sittin baya, kanta fari fat. Direbobi Goggo suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. A garejin mahaifinta ta tashi, zamanin da ake tayar da manyan motoci ƙofa a rufe saboda sanyi, kowa na shaƙar baƙin hayaƙi yana cewa ai ƙanshin aiki ne. Da tari tsohon ya mutu, ko matakalar gidansa ba ya iya hawa sai an riƙe shi. Shi ya sa lokacin da aka fara ƙera motocin da ke tace hayaƙinsu a cikin salansa, sauran makanikai na tsaki suna zagin gwamnati, ita kuwa ta tafi ta zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta ta koyi aikin. In kana son ganin ɓacin ranta, ce mata ta cire maka matacin ta jefar.

Wata rana cikin Yuli, shekara ta biyu ta fari, rana na tsakiyar ka, sai ga tirelar shanu tana shigowa filin garejin da tafiyar da ko mai keke zai wuce ta. Rigo Baeza ne ya diro daga ciki, riga sharkaf da gumi. Lorna ta san shi tun yana bin mahaifinsa kasuwar shanu, yanzu ga shi har da furfura a gemu. Abin da ke cikin tirelar shi ne ragowar garken gidansu, iyaye da maruƙansu. Ciyawa ta ƙone ƙurmus, zai kai su Nebraska wurin wani surukinsa mai makiyaya.

"Goggo, ki rufa mini asiri. Fitilar gargaɗi ta kama tun safe, na ce bari in lallaɓa. Yanzu ko na taka totur har ƙasa ba ta gudu."

Lorna ba ta ko kalli motar ba, tirelar ta nufa. Akwatin ƙarfe ne mai hawa biyu, jikinsa duk huji, kuma iska ba ta shiga hujin nan sai mota na gudu. In aka tsaya cikin irin wannan rana, shanu ba sa daɗewa suke fara zubewa. Ta leƙa ta ga bakuna a buɗe, yawu na dalala.

"Delbert," ta kira mijinta, wanda ke zaune a inuwa da kofin kofi da burodinsa mai nama da kabeji. "Tashi ka tayar da wannan akwalar taka."

Akwalar wani tsohon kan mota ne da Delbert ya ƙi rabuwa da shi, ba takardu, ba abin da ya iya sai tuƙa hayaƙi. Shekara da shekaru Lorna na cewa sai ta sayar da shi ga masu gwangwan.

"Yau kuma ita ake nema?" in ji Delbert yana murmushi. "Ashe tsohuwar zuma da ranarta."

"Ka yi ta surutu shanu na dahuwa. Ja tirelar nan ka hau titin bayan gari, ka je ka dawo, ka je ka dawo. Kada ka kuskura ka tsaya, ko gwamna ne ya ɗaga maka hannu."

Aka kwance tirelar aka ɗaura wa akwala, Delbert ya fita da ita yana tari yana dariya. Kowa ya san ba za ta kai Nebraska ba, ko iyakar gundumar ma da ƙyar. Aro ne kawai aka yi na ɗan lokaci.

Sannan Lorna ta jona kwamfuta. Allon ya nuna na'urar da ke shinshinar hayaƙi a ƙarshen salansa tana cewa hayaƙin bai tsarkaka ba, shi ya sa injin ya ɗaure kansa.

"To a canza na'urar mana," in ji Rigo. "Ko ki ruɗi kwamfutar ta sake ni, in na sauke su in dawo."

"Mai kawo ƙara ce, ɗan nan, ba ita ta yi laifin ba. In na canza ta, sabuwar ma abin da za ta faɗa ke nan, a tsakiyar daji inda ba ni ba Delbert."

Ta kwanta a ƙarƙashin motar ta bi wayoyi da yatsa, ba inda ya goge. Ta bi bututun tana neman zanen baƙin toka, alamar yoyo, babu. Ta fito ta buɗe ƙaramin tankin nan mai shuɗin murfi, inda ake zuba ruwan da ake fesawa cikin salansa ya kashe dafin hayaƙi. Ta ɗigo ɗigo ɗaya a gilashin awo ta ɗaga wa haske. Ya yi tsararo. Ta sa tsumma ta kwance bakin feshin da zafinsa, sai ga shi ya toshe da farin abu kamar kanwa.

Ta juyo ta dube shi. Tambayar da take yi wa kowane direba ce, kamar mai duba saniya marar lafiya.

"Me ka ba ta ta sha?"

"Abin da kowa ke ba ta."

"Rigoberto," ta kira cikakken sunansa, "na san uwarka. Me ka ba ta ta sha?"

Ya sunkuyar da kai. Wai tun farkon bazara yake yi. Gari da nisa, aiki ya sha masa kai, duk lokacin da jarkar ruwan feshin ta yi rabi sai ya cika ta da ruwan rijiyar gona. "Na ga ai yawancinsa ruwa ne, Goggo."

"Ruwan rijiyarku? Wanda ke toshe butar shayi cikin wata guda?" Ta girgiza kai. "Ku makiyaya ba abin da ba za ku tsarma ba. Riƙe mini bokitin nan."

Haushi ya cika ta, amma hannunta bai tsaya ba. Ta tsiyaye tankin, ta wanke shi da ruwa mai tsabta na kwalba, ta canza ɗan matacin famfo, ta ɗaura sabon bakin feshi, ta zuba sabon ruwa daga jarka mai hatimi. Saura abin da ba a iya gaggauta shi: a bar injin ya yi ta ruri har salansa ta yi zafi sosai, kwamfuta ta shinshina da kanta ta yarda ta sake shi.

Suka tsaya suna kallon allo. Can sai akwala ta wuce ta gaban gareji, Delbert ya danna oda, shanu na kuka. Da ya sake wucewa kukan ya ragu. Rigo ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Tsoro ya kama Lorna ita ma, don ta san shirun shanu ba alheri ba ne, amma ba ta bari ya gani ba.

Zuwa na gaba akwala ba ta wuce ba. Ta shigo filin tana tururi ta gaba, ta yi gyatsa ta mutu. Delbert ya sauko, babu sauran dariya a fuskarsa.

Rigo ya haye jikin tirelar ya leƙa, ya ce akwai wata jar saniya a hawan ƙasa ta kwanta. Ya ruga ya jawo tiyon ruwa.

"Ajiye shi," in ji Lorna. "Ka jiƙa su a tsaye ba iska, turiri ne zai gama da su. Ku kinkimo fankokin gareji."

Suka jera manyan fankokin a jikin hujin. Ita kuwa ta koma gaban allo, tana tsaye cikin zafin injin, gumi na shiga mata ido, tana magana da motar ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Lambobin suka yi ta sauka a hankali, kamar da gayya. Sai fitilar ta mutu.

"Ɗaura ka tafi. Kada ka gode mini, kada ka tsaya shan ruwa. Gudu ne maganinsu."

Rana ta kusa faɗuwa, tana goge sifanu, wayar gareji ta yi ƙara. Rigo ne.

"Goggo, mun sauka. Suna cikin ciyawa har gwiwa."

"Dukansu?"

Ta bayansa tana jiyo wani maraƙi yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa.

"Ban da jar nan. Ɗanta ke nan kike ji, yana bin garken ɗaya bayan ɗaya yana nemanta." Muryarsa ta karye. "Ni na kashe ta, Goggo. Da ruwan rijiya."

Lorna ba ta saba yi wa mutum ƙarya don ya ji sanyi ba, ba kuwa yau za ta fara ba.

"Kai ne," ta ce. "Sauran ma kai ka kai su. Share idonka ka je ka nemo wa marayan nan madara kafin a rufe kanti."

Ta ajiye wayar ta zauna a kan wata tsohuwar taya. Tausayin maraƙin da ba ta taɓa gani ba ya kama ta, har hawaye ya zubo mata. Delbert ya zo ya zauna kusa da ita.