Jan Biron da Ka Bari a Teburina

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, aka kira ni a waya aka ce Malam Mai Awo ya rasu. Mota ce ta buge babur ɗinsa yana dawowa daga gidajen marasa lafiya. Ina tsaye a tsakiyar shago ana yanka ƙarfe, na ce a kashe inji. Abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah Ya yafe mini, ba iyalinka ba ne, Malam. Takardar nan ce da ka bari a teburina.

Ga wanda bai san shi ba, jami'in bincike ne a asibitin unguwarmu. Su ne suka raba wa masu hawan jini mutum ɗari biyu na'urar awo mai haɗe da waya. Mutum ya ɗaura a damtse safe da yamma, lambar ta wuce kwamfutarsu kai tsaye. Suna son gane ko awo a gida da saƙon tuna shan magani suna sauke jini da gaske. Ma'aikatana ne suka laƙaba masa Mai Awo.

Ni ƙofofi da tagogin ƙarfe nake ƙerawa. A aji uku na sakandare na tsaya, na fara da injin walda guda a bakin titi, yau mutum talatin ke cin abinci a ƙarƙashina. Ban saba a ba ni umarni ba. Ranar da ka rubuta ni a rajista ka ce daga yau ni ne lamba arba'in da bakwai, na ce maka sunana yana jikin motoci huɗu. Ka yi dariya ka ce, "Alhaji, shi ya sa muke ɓoye shi. Ciwonka sirrinka ne." Da kanka ka ƙara girman rubutun wayata, ba ka taɓa cewa idona ya yi rauni ba. Sau uku kana zuwa koya mini ɗaura abin nan, kullum kana cewa laifin na'urar ne.

Tsarinku yana da doka. In lamba ta haura ɗari da tamanin sau biyu, sai asibiti su kira wanda mutum ya ba da lambarsa. Ni ta uwargida na bayar. Wata safiya sai ga ta a shago, mayafi a karkace, tana kuka a gaban ma'aikata wai in zauna kada in faɗi. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji kaina na sarawa, sai in kira ƙanena, wanda shi ne shugaban ma'aikatana, in rufe ofis in ɗaura masa. Yakan ce, "Yaya, hannun nan nawa ya fi ni zuwa asibiti." Mu yi dariya. Wata biyu muna haka. Likita ta ga lambobi sun yi kyau, ta fasa ƙara mini magani.

Ranar Juma'a kafin rasuwarka ka shigo ofishina, ka tura ƙofa da kanka. Ba ka karɓi lemo ba. Ka shimfiɗa takarda mai layi ɗari da ashirin, ka ce na'urar ba jini kaɗai take aunawa ba, har da bugun zuciya. Ka ce, "Alhaji, akwai zuciya biyu a takardar nan. Ɗaya tana sauri, ɗaya tana tafiya a hankali kamar ta matashi ɗan ƙwallo. Wasu ranakun na gane, wasu sun haɗe mini. Kai kaɗai ka sani."

Na ce, "Ni za ka kira maƙaryaci a cikin shagona?"

Ka ce, "Ban kira ba. A duk mutum ɗari biyu, arba'in da bakwai ne ya fi kowa samun sauƙi. In rahoto ya fita haka, da lambobin nan za a shirya wa waɗanda ba su da ƙane a ofis magani. Ranar Litinin ta sama ake rufe rajista. Ga jan biro, ka ja layi a kan wanda ba naka ba. Ban faɗa wa kowa ba tukuna, na fi so ka kawo da hannunka."

Na ce ka fita. Ka yi mini sallama kamar yadda ka saba, har ka tsaya ka tambayi jikin mahaifiyata. Asabar ka kira, ban ɗauka ba. Talata ka turo saƙo: "Alhaji, ka sha na safe?" Na karanta na kife wayar.

Muna dawowa daga jana'izarka ƙanena ya rage murya a mota ya ce, "Yaya, mu uku muka sani, yanzu saura mu biyu." Nima abin da nake lissafawa ke nan. Kwana huɗu takardar tana cikin aljihun tebur. In buɗe, in rufe. Na san in na yi shiru ba wanda zai taɓa ni, sai dai sunanka ne zai hau kan rahoton da ƙaryata ke ciki, kai da ba ka iya tashi ka gyara.

Ranar Lahadi na zaunar da ƙanena da uwargida. A gabanta muka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Layi sittin da uku muka ja. Litinin da safe na kai wa likitar da ke shugabantar binciken, na bi layi kamar kowa. Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Nannaɗe hannun riga." Ɗari da casa'in da huɗu. Ba ta bar ni na tuƙa kaina gida ba.

Na rubuta wannan ne don 'ya'yanka su san irin uban da suka rasa. Mutum ne da ya kama ni dumu-dumu, ya kuma bar mini hanyar fita da mutuncina. Ni ne na makara.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya rufa maka asiri ranar tsayuwa kamar yadda ka rufa mini. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifinka, da matarka, da 'ya'yanka uku, da abokan aikinka, da mu ɗari biyun da ka bari. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Takardar tana hannun likita. Biron yana wurina. Na safe kuma na sha.