Filin Shanyar Baba Sitati

"Ai an ce ba kowa a wurin. Ciyawa ce kawai da ƙadangaru."

"Wa ya ce?"

"Takardar da suka manna a bakin ofishin tsara gari. Wai fili ne da ba a amfani da shi. Farantan sola za a jera tun daga bakin rafi har titin kwalta."

"To Baba Sitati fa? Shi ma ƙadangare ne?"

"Kai ma dai. In za a ba mu wuta, ni na yarda ya riƙa shanya a kan rufin gidana."

"Rufin naka da ko kyanwa ba ta yarda ta hau ba?"

A shagon mai aski ake wannan hira, wanda ake magana a kansa kuwa yana daidai bakin ƙofa, ya jingine keke yana kwance ƙullin tawul ɗin shagon. Ya ji komai. Ya miƙa kayan, ya ce a duba ko sun cika, ya hau kekensa ya wuce.

Baba Sitati mai wanki da guga ne. Wuyan riga ne ya jawo masa sunan: in ya sa mata sitati ya goge, mai rigar ba ya iya waiwaye, sai dai ya juyo gaba ɗayansa. Gidansa na ƙarshen layi, ɗaki biyu da rumfa, tsakar gidan kuwa in aka ajiye baho biyu sai da tsallake ake wucewa. Ba wurin shanya ko na hankici. Tun yana saurayi yana bin mahaifinsa, filin nan na bayan gari ne wurin shanyarsu. Ciyawarsa gajera ce, ba ƙaya, ba inuwa.

Duk wanda ya bi ta nan da tsakar rana zai ga filin ya yi fari fat. Zannuwan gado na ƙaramin asibitin unguwa, na masaukin baƙi, labulaye, rigunan ma'aikata an baje musu hannuwa, kowanne an danne masa gefe da dutse. Amma kafin la'asar ya kwashe, don gugar yamma na jiransa. Mahaifinsa ya bar masa doka guda: filin na hukuma ne, ba nasu ba, saboda haka ba a kafa sanda, ba a ɗaura igiya, ba a barin ko ledar sabulu. Duwatsun dannewar ma mayar da su yake bakin rafi, ya watsa su cikin 'yan uwansu. Ya yi furfura a kan wannan doka, kuma yana alfahari da ita. Yakan ce in ka zo da yamma ka nuna masa inda ya yi shanya, zai yi maka wankin shekara kyauta.

Matarsa ce mai ninki da ɗinkin maɓallin da ya tsinke. Guiwoyinta sun daɗe da gajiya, daga zaune take aikinta. Tana ce masa Tsoho, shi kuma yana ce mata Yarinya, duk da jikoki sun fara tsawo. 'Yarsu ta fari, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta zo ta yi musu bayanin abin da ke tafe. Wani kamfani ne ya nemi izini, kwamitin tsara gari zai zauna ya ji ta bakin jama'a kafin ya yanke hukunci, kuma in aka amince za a kewaye filin duka da waya. Ta ce kowa na da damar magana, ko bai yi boko ba.

Shi dai ba ya gaba da wutar. Hannunsa na dama duk tabon gawayi ne, kuma akwai dutsen guga na lantarki da 'yar ta saya masa yana nan cikin kwalinsa a saman kabad, yana jiran ranar da wuta za ta zauna. Maƙwabcinsa mai walda, wanda janareta ke cinye masa riba, kullum sai ya leƙo ta katanga ya tsokane shi.

"Baba, kai da kamfanin nan ai sana'arku ɗaya. Ku duka rana kuke jira."

"Ni na riga su zuwa layi," in ji Baba Sitati.

Mako guda ya yi yana bitar jawabinsa a kan teburin guga. Ya fara da gaisuwa, ya ambaci mahaifinsa, ya zo kan asibiti. Matarsa ta ce duk maganar da dutsen guga yake yi, ko sau ɗaya bai ɗago kai ba, in haka zai yi a can gara ya tafi da dutsen su gaisa da shugaban kwamiti. Ya ce mata yarinya ba ta san harkar manya ba.

Aka sa taron da hantsi, lokacin da ba mai wanki da ke zama. Asibiti kuwa ba ya jira, an kawo zannuwa tun jiya, da yamma ake son su. Ya yi sammako ya wanke, ya baje su, ya ɗauko matarsa a bayan keke ya zaunar da ita kan kujerar roba a gefen filin da lema a hannu, don korar awaki. Sama wasai take, sai ɗan dishi-dishi can ta gabas. Ya kalle shi, ya sake kallonsa, sannan ya tafi.

Zauren taron a saman bene yake. Kujerun gaba akwai wuri, mai walda ma ya yafito shi, amma ƙafarsa ta kai shi can baya, jikin taga, inda zai iya ganin sama. Sai da ya zauna ya ji an ce daga layin gaba za a fara sauraron mutane, a bi da bi har zuwa baya.

Lasifikar zauren tana ƙara duk lokacin da shugaban kwamitin ya matso da baki. Baba Sitati ya gane karin gugar da ke hannun rigar shugaban, aikinsa ne na shekaranjiya, ya kuma ga ta riga ta yamutse a gwiwar hannu. Injiniyan kamfani ya yi magana da sauri kamar mai tsoron mota ta tashi ta bar shi. Daga nan wata jami'a, matashiya mai fama da mura, ta kunna majigi ta haska hotunan filin a bango. Ta ce ta je wurin ba sau ɗaya ba, ba ta tarar da gini ko shuka ko alamar wata sana'a ba.

Ga filin nan a bango, tas, inuwa ta miƙe doguwa irin ta yamma. Ko tsinke babu. Abin da ya fara zuwa zuciyarsa daɗi ne, har ya gyara zama. Sai daga baya maganar ta sauka masa a ciki. Shekarun da ya yi yana share sawunsa, ga su nan sun tsaya a bango suna ba da shaidar ba shi a wurin.

Aka fara kiran mutane. Wani tsohon malamin makaranta ya ce farantan za su riƙa ƙyalli su kashe wa direbobi ido, ya kawo misalai har sai da shugaban ya buga tebur. Wata mai kiwon awaki ta tambayi ko za a bar dabbobi su ci ciyawar ƙarƙashin farantan. Mai walda ya miƙe ya ce shi ko gobe aka fara ya gode, aka yi tafi. Baba Sitati yana jin su da kunne ɗaya. Dishi-dishin gabas ya haɗe ya yi baƙi, iska ta fara kaɗa labulen tagar tana shafa masa fuska.

Saura layi ɗaya a zo kansa sai ya ji ƙamshin ƙasa. Ya san matarsa ba za ta iya kwashe rabin kayan ba ko da an ba ta wuni. Ya san kuma ba za ta zauna ba, za ta gwada. Ya miƙe, ya bi bayan kujeru yana ba mutane haƙuri, ya sauka benen da saurin da ya manta yana da shi.

Ya tarar da ita a durƙushe cikin ciyawa, tana jan zannuwa tana tarawa a ƙarƙashin lema, ɗankwali ya zame. Suka kwashe abin da suka iya. Sauran ruwa ya doke su, ya fantsama musu laka, sai an sake wanki. A gida, suna tsaye cikin rumfa ruwa na ɗiga daga jikinsu, ta tambaye shi me mutanen suka ce.

"Ba a zo kaina ba."

Ta dube shi. "Da ka bar su sun jiƙe, Tsoho. Zani ne."

"Ke ma zani ce?"

Ta jawo kujera ta zauna tana murza guiwa, can ta ce ya hura gawayi, waɗanda suka tsira da danshi ai dutsen guga zai busar da su.

Da yamma mai walda ya shigo, wannan karon ta ƙofa, ba ta katanga ba. Ya ce an kira dattijon da ke jikin taga, shi mai waldan ya miƙe ya ce Baba ya tafi kwashe shanya, zauren ya kwashe da dariya, shugaban ya wuce zuwa na gaba. An rufe sauraron jama'a. Wata mai zuwa kwamiti zai zauna shi kaɗai ya yanke hukunci bisa rahoton jami'ar nan. Ya ce ya so ya yi magana a madadinsa, amma da ya buɗe baki sai ya ga bai san abin da zai ce ba.

"Kullum muna wasa, Baba, ban taɓa tambayarka ba. So kake a hana, ko a yi?"

Baba Sitati ya ce a yi mana, wa ke ƙin wuta. Shi abin da yake nema bai taka kara ya karya ba. In za su ja wayarsu, su matsa da ita kaɗan daga bakin rafi, su bar masa gefen nan inda ciyawa ta fi gajarta. Zai matse, ya riƙa shanya kashi-kashi.

Matarsa ta ce to ai ga hanya, jibi zai kai kayan gidan shugaban kwamiti, sai ya nemi ganinsa. Ya girgiza kai. Ya ce bai taɓa roƙon mutum alhali rigarsa na hannunsa ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Mutumin zai ji nauyi ya ce to, ko ya ji haushi ya canja mai wanki, duka biyun ba kyau. Ta ce taurin kansa ya fi na wuyan rigunansa. Ya yarda da hakan.

Ranar da ba shi da kayan asibiti, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin tsara gari. Masinja ya nuna masa wani ɗaki a ƙarshen baranda, fanka ɗaya, teburi uku, taswirori a naɗe an jingine su a kusurwa. Jami'ar na zaune ta cire takalmi ɗaya, kofin shayi a gabanta, hankici a hannu. Ta ɗago ta gaishe shi, ta janye tarin takardu daga kan kujera ta ce ya zauna.

"Baba, kai ne na jikin taga ko? Wanda ya fita?"

Ya ce shi ne. Jawabin da ya yi mako yana bita ya gudu ya bar shi, ba gaisuwar, ba mahaifin. Sai ya tambaye ta kawai da wane lokaci take zuwa filin. Ta ce bayan an tashi aiki, don motar ofis ɗaya ce, sai manya sun gama da ita take samu. Ya gyaɗa kai. Ya gaya mata abin da yake yi a wurin, da yadda yake kwashewa kafin la'asar, har da maganar duwatsun.

Ta ajiye hankicin. Ta tambaye shi ko yana da wata takarda, ko hoto, ko dai wata alama a wurin, ko da sanda ce. Ya ce babu, kuma laifinsa ne, da hannunsa yake gogewa. Ta juya biro a hannunta. Sannan ta gaya masa gaskiya: lokacin jin ta bakin jama'a ya wuce, ba ta da ikon sake buɗe shi, kuma ba ita ke yanke hukunci ba. Amma rahoton nata ne. In akwai kuskure a ciki tana iya gyarawa kafin kwamiti ya zauna, sai dai ba za ta rubuta abin da idonta bai gani ba. Ko ta rubuta ma, ba ta yi masa alkawarin za a matsa da waya ba.

Ya ce ai ko shi ba ya karɓar kaya sai ya buɗe ƙulli ya gani. Ta yi murmushi, ta ce matsalar mota ce, da rana ba za a ba ta ba. Ya ce daga nan zuwa filin ba nisa in aka bi ta bayan kasuwa, matarsa ma da guiwarta ta taɓa takawa. Gobe akwai kayan asibiti da na masauki a haɗe, filin zai cika.

Ya miƙe, ya mayar da takardun da ta janye kan kujerar, ya daidaita musu gefe kamar ninkakkun kaya. A bakin ƙofa ya leƙa sama ta baranda, sannan ya juyo.

"'Yata, don Allah ki zo gobe da tsakar rana, kafin azahar. Ki taho da abin ɗaukar hoton nan naki. In kin iso ki tsaya daga bakin ciyawa ki kira ni, kada ki taka wa marasa lafiya zani."