Ƙashin Ragon Kaka da Cikon Haƙorina

Shekarun baya kaɗan, ana saura sati biyu Babbar Sallah, haƙorina na matauni ya yi kogo har ya hana ni sakat. Mahaifiyata ta kai ni wurin likitan haƙori a nan Kontagora. Ni da ko allura na gani sai in nemi hanyar gudu.

Likitan ya ce ciko iri biyu ne, akwai mai kalar azurfa, akwai fari. Na ce fari, don kar in yi dariya a ga ƙarfe a bakina. Ya ce na yi sa'a, gayuna ya zo daidai da shawararsa. Ramin ya yi faɗi, bangon haƙorin ya sirance. Mai azurfar yana da ƙarfi, amma zama kawai yake yi a ramin, shi kuwa farin mannewa yake da bangon ya riƙe shi. "Amma ko wanne na sa miki, bai kai wanda Allah ya halitta ba. Ban da goruba, ban da ƙanƙara, ban da ƙashi. Idan ya tsage har ƙasa, cirewa za a yi."

Na ce to, ya cike mini da farin.

Matsalar ita ce, a gidanmu duk Sallah kakata ce ke rabon nama, kuma ƙashin da ya fi ɓargo jikar da ta fi so take miƙa wa. Ba ta ɗauke ido sai ta ji an fasa. Shekarar nan sai ta miƙo mini.

"Kaka, likita ya hana."

"Likitan ne ya yanka ragon? Ni da haƙora huɗu suka rage mini ban ji tsoro ba, sai ke, ƙawata?"

'Yan'uwana suka kwashe da dariya. Na rufe ido na gartsa. Ƙas! Sai na ji wani abu mai tauri yana yawo a kan harshena. Na tofar a tafin hannu, ga shi fari fat. Ihun da na kurma har maƙwabta sai da suka leƙo.

Kwana biyu asibitin yana rufe saboda hutun Sallah. Kowa na cin soye, ni ina shan kunu da cokali, na ƙi ko taɓa wajen da harshe. Guntun kuwa na naɗe shi a takarda na ɓoye cikin jaka, ko za a iya mayar mini. Kaka kuwa sai zagaye ni take tana cewa, "Sannu ƙawata."

Da aka buɗe muka je. Likitan ya warware takardar, ya juya abin, ya leƙa bakina, ya ƙwanƙwasa haƙorin. Sannan ya dubi mahaifiyata.

"Hajiya, wannan na rago ne. Nata lafiya lau."

Ai sai na fashe da kuka da dariya a haɗe. Ya ce kar in sake gwadawa, haƙori mai ciko ba kullum yake yafewa ba.

Da muka koma, Kaka ta rangaɗa guɗa, ta ce a soya mini hanta ni kaɗai, tunda na yi azumin nama a banza.

Har yau in na ji wani ya fasa ƙashi sai hannuna ya kai kunci. Abin da na gane shi ne, kunyar mutane ba ta kai haƙori ba. Yanzu ko wa ya miƙo mini abu mai tauri, murmushi nake yi in ce na gode, in tura gaba. Haƙorin yana nan, da shi na ci naman bana.