Herr Rehbein da Gadon Aladu

Ekkehard Rehbein, wanda muke kira Herr Rehbein, wato Malam Rehbein, ya riga ni zuwa cibiyar bincikenmu. Aikinsa kula da aladun gwaji: ya ciyar da su, ya wanke su, ya tura su ɗakin tiyata. A can likitoci kan toshe wa alade jijiyar zuciya da gangan, su buɗe ta, sannan su jona shi da injin da ke tace sinadarin kumburi daga jini, don a ga ko tabon zuciyar zai ragu. Ni, Lindner, akawu ne, nawa rubutu: lambar kunne, nauyi, ranar shiga, ranar fita.

Tsayuwa kusa da injin nan ta sa Rehbein ya ɗauki kansa rabin likita. Kowace safiya sai ya lafta ɗanyen niƙaƙƙen naman alade da albasa a burodi, ya bi da taba. In shugabar gwajin, Dokta Gudrun Maas, ta yi masa maganar tumbinsa, sai ya shafa shi ya ce, "Dokta, ai muna da injin wanki a gida. Ranar da jijiyata ta toshe, ku jona ni."

Wata Talata kuwa ta toshe. Bai kira motar asibiti ba. Ya lallaɓa ɗakin tiyata yana gumi, ya cire takalmansa ya jera, ya hau gadon aladu ya miƙa hannu. Dokta Maas ta buga wa asibiti waya, ta kira ni.

"Herr Rehbein, sauko," in ji ta. "Izininmu na aladu ne."

"To a rubuta ni alade. Herr Lindner, ba ga alƙalami a hannunka ba?"

Na ce, "Nauyi kam ka kai, Herr Rehbein. Lambar kunne ce babu."

"Huda min. Abin hudar na cikin aljihuna."

Da masu motar asibiti suka iso, sai ya ƙanƙame ƙarfen gadon yana cewa shi ba za a kai shi inda ba injin ba. Da ƙyar suka ɓamɓare yatsunsa. Likitan da ya buɗe masa jijiya ya ce lokacin da ya ɓata a gardama ya cinye masa wani yanki na zuciya, kuma ba zai dawo ba.

Yanzu Rehbein ba ya iya tura alade sai ya huta a hanya. Abincinsa ganye, kusan irin nasu. Yakan jingina da shinge yana hararar su.

"Dubi wancan," ya ce min kwanaki. "Shi an tace masa jini, ni da na bauta wa gidan nan an hana ni."

Na tuna masa cewa a ƙarshen gwaji kowane alade feɗe shi ake yi, a yayyanka zuciyar a auna tabon, kuma shi ke tura su can.

Ya ci gaba da tauna ganyensa. Can ya ce, "Duk da haka, ai da an tambaye ni."